Igiyar da Baba Bai Karɓa Ba

Babana dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi ta Illela. Mai saniya yakan miƙa masa igiya, shi kuma in ya karɓa, to ya tsaya wa dabbar ke nan, ba ta sata ba ce. Babu takarda, babu rantsuwa. Tun daga Araba har ƙetaren iyaka an san hannunsa.

Wata ranar kasuwa ya karɓi igiyar wani bijimi daga hannun baƙo. Ashe an sake ƙona alamar da ke cinyarsa, an ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Masu shi suka biyo sawu suka gane abinsu. Daga baya aka kama ɓarawon, ya faɗa da bakinsa cewa Baba bai san komai ba. Mutane suka yi ta zuwa jaje, "Allah Ya kyauta" kamar ana raba ta kyauta. Amma igiya, ko ɗaya ba a sake miƙa masa ba. Duk ranar kasuwa sai ya sa rigarsa ya je ya zauna, ya dawo da yamma hannu wayam. Ni ban yi kuka ba, ban ma ji haushi ba. Tuwo kawai nake kai masa, in dawo in ɗauke kwanon.

Lokacin ina koyar da Turanci a sakandare. Ina shirya darasi na ga cewa kalmar karakta, wadda Turawa ke nufin halin mutum da ita, asalinta alama ce da ake zanawa ko a buga a jikin abu. Ban san me ya kai ni gaya wa Baba ba, ni da bakina.

"Mi?" ya ce. Na maimaita.

"Sun ce tana goguwa, ɗiyata?"

"Ba su ce ba, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin tuwonsa.

Bayan damina, na biya ta kara in kai masa maganin ƙafa. Ina tsaye wani manomi daga Tozai ya jawo karsana, ya yi sallama, ya miƙa masa igiya. Baba ya dubi igiyar ya daɗe. Na ga yatsunsa sun motsa a kan gwiwa.

"Ba ka san ni ba ko?" ya ce. "In na riƙe ta, ba mai taya ma ita."

Ya nuna masa wani dillalin a can gefe. Sannan ya buɗe hannun ya karɓi maganin.