Ramuka Biyu a Ƙafar Yaya

Ni fa ban ce a sa ni ba. Ina zaman zamana a rumfar cajin waya a Ƙanƙara, aka aiko wai Baba Tsoho, kakanmu, yana nemana a Yargoje. Wai ni zan raka Yaya asibitin birni, tunda ni na yi boko. Bokon nan a aji uku na sakandare ya tsaya, rabinshi ma ta taga na yi shi. Amma a gidanmu in ka iya karanta kwalin magani, to ka zama likita.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dako yake yi, lodin masara daga Mairuwa har Damari. Wata rana ya diro daga saman mota, ƙafar dama ta gurɗe. Tun daga ranar wata jijiya da ke bayan idon sawunshi ta koyi yawo. Yana cikin tafiya da buhu a ka sai ka ji ƙas, ta tsallako bisa ƙashi, shi kau ya zube. Ya zauna ya maida ita da babban yatsa kamar mai maida sarƙar keke. Ranar da na fara gani, tuwo bai shiga bakina ba. Mai ɗori ya ja, ya ɗaure da kara, ta sake fita. Direbobi suka daina kiranshi lodi, ga mata ga yara uku.

Da muka je, likitan ma Bahaushe ne, turancin nawa ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce kwarin da jijiyar take kwanciya ciki ba shi da zurfi, kuma maɗaurin da ke riƙe ta ya yage. Za su huda ƙananan ramuka, su zura kyamara, su gyara daga ciki.

Na ce, "Likita, kyamara? Cikin ƙafar mutum? Wa zai riƙe mata fitila?"

Ya ce da fitilarta take shiga. Na ɗauka ba'a yake mani, sai bayan an gama ya kira ni ofis ya kunna mani a kwamfuta. Na ga cikin Yaya da idona. Fari fat, jijiyar kwance kamar igiyar guga sabuwa, ga wani ɗan ƙarfe yana ta kankare ƙashi, gari na tashi cikin ruwa. Ban san lokacin da na dafa tebur ba. Mutumin da muka tashi kan tabarma ɗaya, ashe haka cikinshi yake. Na roƙi likita ya tura mani a waya.

Kafin mu fito ya riƙe hannuna. "Kada ya taka, kada kowa ya ja ta ko ya murza. Ɗinkin na ciki ne. In ya tsinke, sai mun tsaga ƙafar gaba ɗaya, kuma ban yi maka alkawarin zai sake ɗaukar buhu ba. Kai na ba amana."

Bayan sati biyu muka koma, suka fasa simintin da suka ɗaure ƙafar da shi, suka cire zare, suka sa mashi wani takalmin roba mai maɗauri har ƙwauri. Muka dawo Yargoje, 'yan dubiya suka cika zaure. To, a wajenmu in an yi wa mutum tiyata, ba a tashi sai an ga wurin. Wani maƙwabcinmu har ya ɗaga riga yana nuna tabon aikin ƙabarshi, mai tsawon ɗani guda, yana cewa nashi likitan ba ya wasa. Yaya ya kwance takalmin a hankali.

Kowa ya leƙo. Ɗigo biyu ne, ko tsagar wanzami ta fi su.

Baba Tsoho ya matso da fuska har gemunshi na taɓa ƙafar. "Ina aikin?"

Na ce, "Ga shi nan, Tsoho."

"Wannan ai cizon kuɗin cizo ne. Kai aka tura da shi, ko? Kun je kun sha shayi a birni, an sa mashi barci, an tashe shi, an ce an gama."

Mutane suka yi ta girgiza kai suna sannu, irin sannun da ake yi wa wanda aka damfara. Na yi dariya, na ce da safe sun manta.

Da hantsi ina wanke baki sai ga mai ɗori da ɗaurin karanshi da ƙwaryar man shanu, ga ƙarti biyu masu danne mutum. Baba Tsoho ne ya aika tun asuba. Abin da ya fi girgiza ni, Yaya da kanshi ya fara kwance maɗaurin. Ya ce mani, "Ƙane, ni ma ban ga komai ba. In ba su yi ba fa?"

Na yar da asuwakin, na zauna daram gaban ƙafar na ba ta baya. Na ce duk mai son ja sai ya fara da tawa.

Mai ɗori ya ce, "Tashi, ɗan nan. Tun ba a haifi ubanka ba nake aikin ga."

"Allah ya ƙara girma, Malam. Amma wannan ta fi ƙarfin kara."

Na kunna masu abin da ke waya. Baba Tsoho ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mani. "Ƙafar saniya ce. A mahauta aka ɗauka. Ina sunan yayanka a jiki?"

Ƙartin nan suka fara naɗe hannun riga. Ni kau na san in suka ɗaga ni, ɗaga ɗan tsako za su yi mani. Baba Tsoho ya buga sanda a ƙasa ya ce shi dai bai taɓa ganin babban aiki ya shiga ta ƙaramar kafa ba, kuma ba a kan jikanshi zai fara yarda ba.

Allah ya taimake ni kakana ne, akwai wasa tsakaninmu, da baffa ne da na haɗiye. Abin da na faɗa mashi shi ya sa ƙartin suka fashe da dariya, Yaya ya maida maɗaurinshi, mai ɗori ya kwashi karanshi yana murmushi, Tsoho kuwa ya koma neman carbinshi cikin aljihu.

Na ce, "Tsoho, waken da ka ɓoye wa Kaka bara, ka liƙe bakin rumbu da laka, ka zo buɗewa ka iske gari. Ƙwaron da ya yi maka aikin nan, da gatari ya shiga?"