Kaset a Cikin Langa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da su. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, a nan Madarumfa, shekarar da jikata ta yi haihuwar fari.

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma jikata ta shiga, ta yi nisa, har ta dawo da ilimin injuna. Aka ɗauke ta aiki a wani biro, wato ofis, na manoman lambu da ke bakin tabki. A ɗakin can na ƙurya akwai wani babban inji mai gurnani ba dare ba rana, wanda duk ayyukan biron suke kwana a cikinsa: wa ke da wane fili, wa ya karɓi irin albasa, wa ya karɓi na tumatir. Jikata ce mai kula da shi. Ta rubuta masa umarni layi bisa layi, yadda kullum bayan la'asar zai tattara aikin yini ya juye cikin wani kaset mai faɗin tafin hannu. In ya gama sai ya turo kaset ɗin waje ya tsaya jira, domin duk wayonsa ba shi da hannu. Sai mutum ya zo ya zare wancan ya sa wani.

Da cikinta ya tsufa, damuwa ta kama ta. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, ma'aikatan biron kuwa yininsu a lambuna suke yi. Shef ɗinsu, wato shugaban biron, ya ce in babu mai canza kaset, zai nemi a turo wani daga Maradi. Ita kuma ta san in baƙo ya zauna a kujerarta, da wuya ya tashi.

Wata rana muna gyaran zogale ta dube ni ta ce, "Tsohuwa, hannunki dai bai fara rawa ba ko?"

Na ce mata hannun da ya yi mata wankan jarirai ba zai kasa ɗaukar abin wasanta ba.

Haka aka yi. Ta ɗiga wa kowane kaset jan farce kala daban, tunda ba na karatu, ta koya mini wane launi ne na wace rana. Ta kuma ƙara wa injin umarni, ta sa masa muryarta. In ya gama sai ka ji ya ce, "Tsohuwa, tashi ki canza." In na sa wanda ba shi ba, ya tofo shi ya ce, "Ba wannan ba, buɗe idonki." Ranar farko sai da na mayar masa da magana, maigadi yana ta dariya a bakin ƙofa. Shef ya zo ya ga na yi daidai, ya amince, amma ya ce in wani abu ya ɓace, a wuyan jikata yake.

Kaset ɗin Juma'a shi ne babba. Shi ke ɗauke da komai, sauran kuwa abin da ya ƙaru a ranar kawai suke ɗauka. Ta ce kada ya kwana a biro, don gudun gobara. Wannan ban sha wuyar ganewa ba, domin mu ma ba ma tara irin gero a rumbu ɗaya. Nakan naɗe shi cikin farin ƙyalle, in ɗaure da zare saboda ƙura da danshin tabki, in sa cikin wata langa mai murfi a ɗakina.

Ta haihu lafiya, mace. Kullum in na gama taya ta wankan jego da safe, in yi sauran hidimata, bayan la'asar sai in ɗauki mayafi in bi bakin tabki zuwa biro. Ina jin daɗin tafiyar nan. Masunta suna gaishe ni, suna tambayar lafiyar injina.

Ranar suna gida ya cika. Dangin mijin jikata suka zo daga wani ƙauye na ƙasar Sarkin Yamma. Kun san yadda ake yi: duk kwanon da ke gidan sai ya yi aiki, ana zuba waina da nama ana miƙa wa masu tafiya. Ina can wajen tukwane, ƴan uwa mata suka kwashe langunan ɗakina. Ban lura ba.

Kafin wata Juma'ar ta zagayo, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, injin ya sume. Aka kira mai gyara daga Maradi, ya sa masa sabon ciki, ya ce a kawo kaset ɗin Juma'a a mayar da komai. Na je ɗaki, babu langa.

Jikata ta miƙe za ta fita nema, jaririya a hannu. Na zaunar da ita. Muka bi sawun kwanonin ɗaya bayan ɗaya, har wata ƙanwata ta tuna ta ga langa mai nauyi a rufe, ta zaci goro na ƙulle wa surukai, ta sa cikin kayan uwar miji. Na ce wa shef ya ba ni zuwa yamma. Na hau kabu-kabun maƙwabcinmu, babur ɗin haya, ni da ban saba ba, na riƙe ƙarfe ina salati har muka isa.

Uwar mijin ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Muka gaisa, muka tambayi mai jego, muka tambayi gero da wake. Lokaci yana tafiya, amma ba a shiga gidan suruki da tambayar kwano. Sai da na sha furar, sannan na ce ko ta ga wani ƙulli cikin kayanta.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Layar? Hajiya, ai ban bari kowa ya taɓa ta ba. Na ga daga gidan haihuwa ta fito, na ce kin aiko don tsarin gida ne, na ji nauyin tambaya."

Ta kai ni ɗakinta. Ga shi can rataye a jikin azara, cikin inuwa, zaren da na ɗaura ko kwancewa bai yi ba. Da na gaya mata abin da ke ciki, ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce to ai filayen mutane ta yi wa gadi ba ta sani ba. Ta wanke langar, ta cika ta da gyaɗa, don ba a mayar da kwano wayam.

Kafin magariba na miƙa wa mai gyara. Ya sa shi, ya bi da na sauran ranakun, injin ya yi ta gurnani. Can sai shef ya leƙa allo ya ce komai ya dawo. Jim kaɗan muryar nan ta ce, "Tsohuwa, tashi ki canza." Na tashi na canza.

Jikata ta yi arba'in ta koma kujerarta, tana nan a kai har yau. Ta sayo akwatin ƙarfe mai makulli don kaset ɗin Juma'a, amma a ɗakina yake kwana. Shef an yi masa canji zuwa wani gari. Mai gyara bai sake zuwa ba, don ba a sake neman sa ba. Uwar miji, duk haɗuwarmu sai ta tambaye ni ko da sauran laya. Jaririyar nan yanzu ita ake aika ta kira ni cin abinci. Ni kuwa ƙafa ta yi nauyi, na bar zuwa biro, amma an ce muryar tana nan ba a cire ba, kuma duk wanda ke kusa shi ne tsohuwa.

Ga kunnuwanku nan, na mayar.