Tafkunan Yaya Bashir

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Yaya Bashir ruwa ya san abin da zai biyo baya. Sai ya kurɓa, ya juya shi a baki, sannan ya ce, "Ba laifi. Amma bai kai na tafkinmu ba."

Ba'indiye ne, tela, mijin yayata Hajara. Aikin hajji ya kawo shi yana saurayi, ya maƙale a unguwar Sa'alaba, nan ƙasa mai tsarki, cikin Hausawa har Hausa ta zauna a bakinsa daram. Garinsu ɗan ƙarami ne, sunansa ya gagari harshenmu, muka sa masa Garin Tafkuna.

Wata rana na zuba masa Zamzam ban faɗa ba. Ya kurɓa, ya fara, "Bai kai na..."

"Yaya, Zamzam ne fa!"

"Astagfirullah!" Ya sake kurɓa. "To, shi ne na ɗaya. Amma wallahi namu na taka masa dunduniya."

Cin abinci da shi kuwa, wayyo! Da an ajiye faranti sai ya mai da shi taswira. Malmalar tuwo ita ce tsaunin da 'yan Hindu suka gina ɗakin bautarsu a kai. Miya babban tafki ce, mai matakalar dutse inda mata ke wanki, kifaye na yawo ba mai taɓa su. Ƙashin nama kuma masallacinsu ne, guda ɗaya tak. Mu dai yunwa na cinmu, shi yana zagaya da mu gari da yatsa. Ran nan na gaji, na kai loma.

"Kai, Sani! Gidanmu ka cinye!"

"Halas, shi ke nan, Yaya, sai ku dawo cikina da zama."

Wani malami maƙwabcinmu ya taɓa yi masa faɗa. "Bashir, kana Musulmi, kullum bakinka na kan wuraren bautar gumaka?"

"Allah gafarta Malam, ban taɓa shiga ba. Amma ladaninmu barci gare shi kamar kasa. Ƙararrawarsu ce ke tashinsa, shi kuma ya tashe mu sallar asuba. Yanzu wa zan zaga?"

Malam ya gyara rawani, ya ce yana da uzuri.

Bayan rasuwar Yaya Hajara, 'ya'yansa suka shirya masa tafiya gida. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa, kowa ya san in ya fita ba dawowa. Sati biyu yana ɗinka wa ƙannensa riguna da awon da ya sani tun suna samari. Ni na ɗauke shi a mota. Muna hango filin jirgi ya dafa hannuna.

"Sani, juya."

"Mantuwa ka yi?"

"Wa zai riƙa kai wa Hajara ziyara ran Juma'a? Ku? Ku da ko shayi ba ku iya kai wa baƙo da zafinsa?"

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. Har muka iso gida fuskarsa na jikin taga. Akwatin da ya haɗa don tafiyar bai ƙara buɗe shi ba, kuma bai yarda an ɗauke shi daga bakin ƙofa ba.

Shekara uku bayan nan muka kai shi maƙabartar da Yaya Hajara take.

Allah ya jiƙan Yaya Bashir, ya yafe masa. Ya haɗa shi da Hajararsa, da mahaifiyarsa da bai sake gani ba tun ranar da ta rako shi tasha. Amin.