Takardar Haihuwar Heneli

Shekara talatin da ɗaya Heneli Mafileo ya yi yana zana farin layi a filin kulob ɗinmu na zari-ruga da ke Mangere, a kudancin birnin Auckland na New Zealand. Duk safiyar Asabar yakan turo kurar fentinsa yana ɗingishi, tsarabar da wani rago ya bar masa tun yana aiki a mayankar tumaki. Ni ne sakataren kulob ɗin, muƙamin da ake ba tsohon malamin makaranta don kada ya dami matarsa a gida, saboda haka na san shi kamar yadda ake sanin mutumin da ake gaisawa da shi kowane mako, wato ban san shi ba.

Duk wanda ya ji maganarsa ya san mutumin Tonga ne, kuma na tsibiran Ha'apai, don har yadda yake zagin alƙalin wasa irin na can ne. Ya auri wata Bamawuriya, wato 'yar ƙabilar asali ta New Zealand, mai suna Hinewai, ta haifa masa ɗa guda kafin ta rasu. Ɗan ya auri Baturiya, suka haifi Filimone. Filimone ne ya girma ya zama irin ƙattin nan da sai mutum uku sun taru kafin su kai su ƙasa. Sau biyu ya sa baƙar rigar New Zealand. Sau biyun kuma Heneli ya je kallo, ya tafa daidai gwargwado, ya dawo ya ce rigar ta matse yaron a hammata.

Dokar wasanmu, wanda ake yi da mutum goma sha uku, mai sauƙi ce a takarda. Kana iya buga wa ƙasar da aka haife ka, ko wadda aka haifi ɗaya daga iyayenka ko kakanninka. Wanda ya taɓa buga wa babbar ƙasa kuma yana iya komawa ƙarama, in ya kawo shaida. Dokar ba ta tambayar wane harshe kake addu'a da shi. Wurin haihuwa take tambaya, da hatimi.

Wata Lahadi bayan coci ina gidansu, muna cin gwaza da naman rago da aka naɗe a ganye, Filimone ya ajiye cokali.

"Tsoho, ina takardar haihuwarka?"

"Sayar da ni za ka yi?" in ji Heneli.

"Wa zai sayi mai ƙafa ɗaya da rabi? Kocin Tonga ne ya kira ni. Ya ce jar riga tana jira, in kawo takardar da ta nuna a can aka haife ka. Mako uku ya ba ni kafin a rufe sunaye."

"Ka faɗa wa mutane?"

"Na faɗa wa 'yan jarida jiya. Na ce don kakana zan yi."

Heneli ya ci gaba da tauna naman da ya riga ya taune. Can ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata takarda mai launin shayi a cikin leda, ya miƙo mini ita maimakon jikansa.

"Malam, kai ne mai karatu. Karanta masa."

Na karanta. Heneli Mafileo, an haife shi a Alofi, tsibirin Niue, shekarar 1949. Niue kuwa ba cikin Tonga take ba.

Filimone ya yi dariya. "Niue? Kai da ko gaisuwarsu ba ka iya ba?"

"Ko a jirgi ban taɓa wucewa ta wurin ba, abokina."

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya ba mu shi a ranar. Gwaggonsa Lesieli, yayar ubansa, ta auri wani mutumin Niue, ta haifi ɗa a can aka sa masa Heneli. Ta kawo yaron gida tsibirin Uiha yana da shekara uku, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana huɗu. A wurinmu, mu mutanen Tonga, abin da gwaggo ta nema a gidan ƙanenta ba a hana ta, ko tabarma ce ko ɗa. Ta dubi ɗan ƙanen nata, Semisi, sa'an mamacin, wato shi mai ba mu labarin, ta ce a ba ta shi. Aka ba ta. Ta kira shi Heneli tun daga ranar, ta adana masa takardar. Babu wanda ya ga laifi a ciki, ta'aziyya ce aka yi mata da abin da ake da shi.

Sai da ya kai ashirin da biyu aka gane takardar tana da wani amfani. Haifaffen Niue ɗan ƙasar New Zealand ne. A shekarun da 'yan uwanmu ke ɓuya a bayan firji don izinin zamansu ya ƙare, Heneli ya sauka daga jirgi aka ce masa barka da zuwa gida. Da takardar ya yi aure, ya jefa ƙuri'a, ya sami gidan gwamnati, da ita yake cin fansho.

"To ai shi ke nan," in ji Filimone. "Sai a nemo ta Semisi."

"Sai a nemo," in ji Heneli.

Na raka shi wurin wata lauya. Ta yi bayani a hankali, irin wanda ake yi wa tsofaffi. Takardar Semisi ita kaɗai ba za ta wadatar ba, dole ya yi rantsuwa a rubuce cewa shi ne Semisi, ba Heneli ba, tunda sunan Heneli ke kan takardar ɗansa. Rantsuwar kuwa ba ta tsayawa a hannun masu wasa, sai ta kai ofishin shige da fice. Ta ce ba ta tsammanin za a kori mai shekara saba'in da huɗu, amma tsammani ba alkawari ba ne. Shawararta ita ce kada ya sa hannu a komai sai takardar Tonga ta iso ya gan ta da idonsa.

A mota ya tambaye ni kwana nawa saƙo ke yi daga Tonga.

"In an yi sa'a, mako biyu. In ba a yi ba, sai Kirsimeti."

"Saura kwana goma sha shida."

"Heneli, yaron zai rayu ko ba jar riga."

"Ya ce don kakansa zai yi, Malam. A gaban duniya ya faɗa. In ce masa kakan nasa ɗan aro ne?"

Ni na buga rantsuwar a na'urar kulob, don haka ina da rabona a abin da ya biyo baya. Shafi ɗaya ce. Ya sa hannu ranar Talata, ya tsaya ya tambayi mai shaidar rantsuwa da wane suna zai sa. Mutumin ya ce da na gaskiya. Heneli ya rubuta Semisi da haruffa manya-manya, kamar ɗan aji ɗaya, domin bai taɓa rubuta shi ba. Muka aika ta inda ake aikawa a ranar.

Saƙon Tonga ya yi abin da bai saba ba, ya iso cikin kwana tara. Takardu biyu ne a ambulan, ko da yake ɗaya muka nema. Ma'aikacin da ya duba littafin mutum ne mai cika aiki. Ta farko ta ce an haifi Semisi a Uiha a 1949. Ta biyu ta ce Semisi ya rasu a Uiha a 1952, yana da shekara uku, sanadin zazzaɓi.

Heneli bai san da wannan ba. Wata tsohuwa a cocinmu da ta fito daga Uiha ce ta cike mana gurbin daga baya. Lokacin da wakilin gari ya zo rubuta mutuwar, Lesieli ta ce ɗanta bai mutu ba, ga shi nan a cinyarta. In akwai wanda ya mutu, ɗan ƙanenta ne. Shi ma wakilin, da yake ƙanen wata gwaggon ne, ya san iyakarsa, ya rubuta abin da aka ce.

Na karanta masa takardar sau biyu a ofishin kulob. Ya ce in nuna masa inda aka sa kwanan watan, na nuna.

"Ashe na daɗe da hutawa," ya ce.

Masu tantance 'yan wasa ba su yi wa kowa rashin adalci ba. Sun amsa cikin ladabi cewa yaron da ya rasu yana da shekara uku ba zai zama kakan kowa ba. Aka rufe sunaye babu Filimone. New Zealand ba ta sake kiransa ba, tana da wasu ƙattin da ba su yi sallama da ita a jarida ba. Wani dattijo daga cikin masu haɗa ƙungiyar Niue, wanda ya taɓa cewa ƙofarsu a buɗe take, ya bugo ya ce ya ji labarin rantsuwar, sai dai Filimone ya yi haƙuri.

Filimone ya zo gidan ranar da sunayen suka fito. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar tsohon.

"Kaka, da ban tambaye ka ba."

"Da ka tambaye ni tun kana ƙarami, da na gaya maka kyauta."

"Me za su yi maka yanzu?"

"Suna dubawa. Ka ci abinci?"

Dubawar ta ɗauki wata goma sha huɗu. Aka karɓi fasfonsa har a gama. Wasiƙu suka riƙa zuwa da sunaye biyu a jere, da ɗan layi tsakaninsu. Ba a kore shi ba, ba a kuma ce ya zauna ba. Ya daina fita in ba coci ba, don ya ce in ɗan sanda ya tambaye shi sunansa ba ya so ya yi ƙarya, kuma bai san wace amsar ce ba ƙarya ba. Filimone ya koma wani kulob a arewacin Ingila, inda yake buga wasa da kyau, ba kuma wata ƙasa da ke jiransa idan kakar wasa ta ƙare.

Heneli ya rasu a watan Yuli, kafin ofishin shige da fice ya yanke hukunci, abin da na tabbata ya sauƙaƙa wa ofis. Da shekara ta zagayo za a buɗe dutsen kabari, ɗansa ya ce a sa sunan da aka san shi da shi, 'yan Uiha suka ce a mayar wa mutum sunan da uwarsa ta raɗa masa. Suka kwana biyu ba sa gaisawa. Filimone, wanda ya zo daga Ingila don bikin, ya ce su bar sunan tukuna, ya je da kansa wurin mai sassaƙa ya sa aka rubuta layi ɗaya: Haifaffen Uiha, Tonga. Mai sassaƙa bai nemi takarda ba.