Sawunka a Fili na Biyu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, tara ga watan da muke ciki, Allah Ya karɓi ran abokin aikina kuma yayana a sana'a, mai kula da filayen tanis na kulob ɗinmu, wanda kowa ya sani da Baba Ja-da-baya. A safiyar wannan Larabar ce kuma 'yata ta haihu, bayan shekarun da ta yi tana jira har muka daina tambaya. Jikana na fari. Har yau wanda ya zo wurina sai ya rasa da wanne zai fara, barka ko gaisuwa, ni ma in rasa wanne zan amsa. Jiya na kama kaina ina murmushi a cikin masu yi maka addu'a, Yaya. Na tuna ɗan yatsan yaron ne.

Ga wanda bai san aikinmu ba, filin tanis na jar ƙasa ba siminti ba ne. Garin jan bulo ne ake shimfiɗawa a daddanne, kuma yana shan ruwa kamar shuka. In 'yan wasa sun tashi, mukan ja tabarmar ƙarfe mu baje ƙasar, mu share fararen layuka da buroshi, sannan mu yi ban ruwa da tiyo. Kai kuwa wajen ban ruwa da baya-da-baya kake tafiya, daga raga har ƙofa, don kada ka taka inda ka jiƙa. Nan sunan ya samo asali. Kakan ce ɗan wasan farko ya kamata ya tarar da fili kamar ba a taɓa taka shi ba. Duk zamanmu ban taɓa ganin sawunka a kan fili da safe ba.

Da ba don kai ba, da ban iya rubuta wannan ba. Ranar da na ce maka zan shiga ajin yamma na manya, da furfurata da komai, ba ka yi mini dariya ba sai da na juya baya. Ka karɓi ban ruwan yamma, nawa da naka, har na gama. Da na fara haɗa baƙi, ka jawo buhun garin bulo ka ce, "To, malam ɗalibi, karanta mana, mu san abin da muke zubawa." Na karanta da kyar, ashe sunan kamfani ne da nauyin buhu. Ka ce, "Ashe dai ba mu yi asarar komai ba." Amma na ji ka da kunnena kana gaya wa mai gadi cewa ƙaninka ya zama mai ilimi.

Ramukan da ƙafa ke haƙawa a bayan layi, kai ne kake durƙusawa ka cike su da hannu, ka daddanna. Ka ce tsofaffi suna wasa a nan, kuma targaɗen tsoho ba ya warkewa da wuri. Yawancinsu ba su san kana yi ba.

A ranar Larabar nan, daga asibiti na kira ka. Ban san me na faɗa ba, ina ta maimaita magana ɗaya. Ka yi ta dariya kana cewa, "Kaka ke nan. Zauna ka kalli abinka, ni zan yi naka filin." Kafin rana ta take, mai gadi ya same ka zaune a kan benci, ka jingina da wayar shingen fili, rai ya yi halinsa.

Bayan mun kai ka makwancinka na koma wurin aiki, na buɗe fili na biyu, wato nawa, sai na tsaya. Ga sawu a kan jar ƙasa, ya bushe a ciki. Takalminka ne, na san shi da cinyayyen dunduniyar hagu. Ka shiga ta gaba, kan ƙasar da ka gama jiƙawa, ka yi ta zagaye a kusa da raga, sannan ka fita. Na rasa gane kansa. Jiri ne ya ɗebe ka? Taimako kake nema, ni kuma ina can ina dariya? Ko wani abu ne ya faɗi maka? Na ja ƙofa na kulle. Na kasa jan tabarma a kai, na kasa zuba ruwa, don ruwa zai cinye shi, kuma shi ne abu na ƙarshe da ka bari.

Manaja ya yi haƙuri da ni iya gwargwado. Daga baya ya kira ni ya nuna mini inda ƙasar ta fara tsagewa ta gefe. Ya ce, "Baba, ni ma ina jin rashinsa. Amma ka fi ni sani, in ta ƙara bushewa sai an kankare ta duka." Gaskiya ya faɗa. Filin da ka raina kamar ɗa zai lalace a hannuna, saboda sawunka.

Ana cikin haka maiɗakinka ta zo karɓar kayanka. Na kai ta bakin filin, na nuna mata sawun. Ta daɗe tana kallo, sai ta tambaye ni ko wani ya kira ka a waya ran nan. Na ce ni ne. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Ta ce, "To ai shi ke nan. Haka yake yi mini a tsakar gida. In aka gaya masa abin daɗi a waya, sai ya yi ta zagaye kamar wanda ya yar da allura. Jikanka ne ya sa shi taka fili."

Sai a lokacin na lura da tabarmar ƙarfe a jingine a bakin ƙofa, ba a inda muke ajiye ta ba. Ashe ka ɗauko ta za ka share, ka ɗan zauna tukuna.

Ta ce, "Ƙanina, ƙarasa masa. Kunya zai ji a ce an ga sawunsa."

Na ja tabarmar. Ban sani ba ko kukan da nake yi na rashinka ne ko na murna, har yanzu ban rabe su ba. Na dai san mutumin da bai taɓa ɓata fili ba ya ɓata shi sau ɗaya, don taya ni farin ciki.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya ƙasar nan safe da yamma. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da 'yan uwa, da dukan abokan aiki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya yaron da ka yi wa murna ba ka gan shi ba, Ya sa mu cika da imani.

Fili na biyu ya sha ruwa. Da baya na fita, kuma babu sawun kowa a kai.