Haukan da Na Aro

Ni ɗan Fagge ne, dako nake yi a kasuwar yadi ta Kwari, kuma da lafiyata garau aka haife ni. Da yadi ɗaya na fara, in zare daga dila in cusa a riga. Daga nan sai turmi, daga turmi sai fasa shago ni da wani abokina. Ranar da dubunmu ta cika, na rotsa wa maigadi kai da ƙarfe. Allah Ya sa bai mutu ba.

Muna jiran shari'a wani tsohon fursuna ya ce min doka ba ta kama mahaukaci. Na hau kai na zauna. Na yage riga, na riƙa ƙyalƙyala dariya a gaban alƙali. Lauya ya ce hakan bai isa ba, sai an sami mai shaidar cewa ciwon ya daɗe. Na sa Inna a gaba da kuka har ta tsaya a kotu ta ce gado ne, wai kakanmu ma a ɗaure ya rasu. Bawan Allahn da ya rasu yana limanci!

Alƙali ya ce ba ni da laifi, amma a tsare ni a gidan mahaukata sai yadda hukuma ta gani. Ɗauri yana da ranar fita, wannan babu. Abokina ya gama wa'adinsa, ya sayi adaidaita, ya yi aure, ni ina can ana danna min allura. In na rantse lafiyata ƙalau, sai su ce kowa a nan haka yake faɗa.

Da aka sallamo ni, na tarar da ƙanwata Rabi har yanzu a gida. An sa mata rana da wani ɗan kasuwar Sabon Gari da take so, danginsa suka zo bincike, unguwa ta maimaita musu shaidar Inna. Suka kwashe kayansu. Duk wanda ya biyo baya, haka.

Na durƙusa na nemi gafararta. Ko kallona ba ta yi ba.

"Yaya, da ka bari an kira ka ɓarawo, kai kaɗai zai shafa."

Na tuba, amma wallahi baƙin cikin nan da shi zan mutu. Samari, kada ku taɓa kayan mutane. In kuwa kun taɓa, ku tsaya da hankalinku ku karɓi hukuncinku. Yau ko na hau rufin kasuwa na ce ƙarya muka yi, wa zai yarda da maganar mahaukaci?