Hutun Kara Ɗaya a Bakin Binuwai

Bappa Jibrilla ƙanen mahaifina ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana dako a tashar jiragen ruwa ta Jimeta, inda ake lodin gyaɗa idan Binuwai ta cika. Da na dawo daga karatu a Ingila a 1969, tarinsa na fara ji kafin sallamarsa.

Ni na bar sigari a can, bayan wani likita ya nuna mana hoton huhu. Ban sha wuya ba. Ina da kujera a ofis, da shayi, da abokan da suka bari tare da ni. Na je gidan Bappa a unguwar Rumde na zana masa huhun a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallo.

"To, ɗana, idan abin da ke tsaga mini ƙirji ke nan, na bari."

Abin da ban sani ba shi ne, a tashar babu agogo. Helima Deribe, shugaban leburori, da sigari yake auna hutu. Wanda ya kunna kara zai zauna a inuwa har ta cinye. Wanda bakinsa ba hayaƙi kuwa, ai ba abin da ya tsare shi, sai a ɗora masa buhu.

Kwana tara Bappa yana dako ba zama. A rana ta goma ya zauna da kara a baki, bai kunna ba.

"Jibrilla, wayo za ka yi mini?" in ji Deribe. "Tabar da ba wuta yaushe za ta ƙare? Sai jirgi ya kai Lokoja kana nan?"

Leburori suka yi dariya. Wani ya miƙo masa ashana.

Na je na sami Deribe da kaina. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce idan ya bar mutum ɗaya ya zauna haka kawai, gobe arba'in za su zauna.

Da yamma Bappa ya ce mini, "Kai da ka bari, kujerarka ta bi tabar?"

Na ce a'a.

"To, tawa a cikin kwalin tabar take."

Damina biyu ya ƙara yi yana dako, yana shan tabarsa. A ta uku numfashinsa bai kai shi ƙarshen katakon hawa jirgi ba, aka sallame shi. Yanzu yana kwance a zaure, hutu ya samu, amma hannunsa ya saba. Jiya na tarar da shi yana lalubar ashana a ƙarƙashin tabarma. Na ɗauko na ba shi.